Gyaran kwamfuta a gida da cire bairos: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kwamfuta suka fi yi wa masu gyaran da ke zuwa gidaje da ƙananan ofisoshi a Kano da sauran biranen Arewa. Amsoshin sun fi karkata ga Windows 10 da Windows 11, domin su ne a kan yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a. Akwai ƙa'ida ɗaya da za ka yi ta cin karo da ita a ƙasa, kuma da gangan ne: a fara tsirar da takardu da hotuna da asusun mai kwamfuta tukuna, sannan a juyo kan injin.

Wane gyara ake iya yi a gida, wane ne kuma sai an tafi da kwamfutar?

Kusan duk abin da ya shafi manhaja ana gama shi a falo: cire bairos, sake ɗora Windows, haɗa firinta, saita rautar Wi-Fi, kwashe fayiloli daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa. Haka ma canjin kayan da sukuddireba ke kwancewa, irin su RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi), faifan ajiya, batir, madannai da fanka, har da allon laftof in an riga an samo mai lamba daidai da tsohon. Wanda ba ya yiwuwa shi ne liƙi da dalma a kan babban allon injin, wanda masu gyara ke kira bod. Wannan yana son teburin aiki, na'urar hura iska mai zafi da madubin ƙara girma. Duk wanda ya ce zai yi maka shi a kan kafet, kada ka yarda.

Me zan tanada kafin injiniya ya zo?

Cajar kwamfutar ta ainihi, da wutar da za ta riƙe awa biyu zuwa huɗu, ta janareta ce ko ta inbata, don ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗora Windows kan mayar da aiki baya. Ka tanadi kalmar sirrin shiga kwamfutar, da wayar da layinka na asusun Microsoft da na Gmail yake ciki. In akwai saƙon da yake fitowa, ɗauki hotonsa da waya. Hoto ɗaya mai ɗauke da lambar kuskuren ya fi dogon bayanin «tana dai yin wani abu haka».

Sai mabuɗin BitLocker. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle faifansu da kansu ba tare da mai su ya sani ba. Da an canja bod ko an taɓa saitin BIOS, wato saitin tushe da ke cikin bod ɗin, sai shuɗin allo ya fito yana neman lambobi 48. Ana samunsu a cikin asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. Ka nemo su ka rubuta a takarda tun kafin a kwance ƙusa ɗaya, domin in babu su, babu injiniyan da zai iya buɗe faifan.

Maigidana ya yi tafiya, kwamfutar yara kuma ta lalace. Dole sai mai gyara ya shigo cikin gida?

A'a, Hajiya. Laftof a fito da ita zaure ko falon baƙi. Ta tebur ma akwati ne da allo da madannai da wayoyi kaɗan, minti goma ya isa a haɗa ta a can. Abin da ake buƙata shi ne soket, ɗan tebur, da wani babba daga gidan da zai zauna kusa. Kalmar sirri ki buga ta da hannunki, ko yaron da ya san ta ya buga. In matsalar ta rauta ce ko ta firintar da ke girke a ɗaki, sai a sa lokacin da maigidan ko wani ɗan'uwa namiji yake nan.

Kwamfutata ta yi nauyi ƙwarai. Bairos ne?

Sau da yawa ba shi ba ne. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka dubi abu uku.

In Disk ya tsaya a kashi 100 alhali ba ka aikin komai, kuma faifan naka tsohon yayi ne mai juyawa, to ga mai laifin nan. Irinsa yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, sabon faifai marar juyawa da ake kira SSD, mai haɗin SATA, kuwa yana kai 500, kuma a kan ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa. Sanya SSD mai gigabait 256 shi ne gyara ɗaya da ya fi kowane canja tsohuwar laftof. Kafin nan a duba lafiyar tsohon faifan da CrystalDiskInfo. In ya nuna Caution da launin rawaya, musamman a layin 05 ko C5, faifan ya fara mutuwa, sai a kwashe fayiloli a ranar. Kada a sa masa dogon binciken bairos tukuna, karanta kowane lungu nasa na awanni kan ƙarasa shi.

In Memory ce ta haura kashi 85, RAM ce ta yi kaɗan. Gigabait 4 ba ya isar Windows da Chrome a yau, 8 shi ne mafi ƙarancin da za ta yi aiki a sake. A nan ake yawan kuskuren saye. DDR3 tana aiki da bolt 1.5, DDR3L da 1.35, DDR4 da 1.2. Laftof masu furosesar Intel ta ƙarni na huɗu DDR3L suke so, in aka sa musu DDR3 zalla sai su ƙi tashi, duk da cewa ta shiga ramin daidai. Wasu siraran laftof kuma RAM ɗinsu a liƙe take da bod, ba a ƙara ta ko kaɗan.

In CPU ce take sama, fanka na ta ihu, to ko zafi ne ko kuma wata manhaja ce take aiki a ɓoye. A nan ne zargin bairos yake da ƙarfi.

To mene ne alamun bairos na gaskiya?

Burauza tana buɗe shafin bincike da ba ka sani ba, ka canja ya dawo. Tallace-tallace na faɗowa a kusurwar allo. Windows Security a kashe, ka kunna ya ƙi. Foldodin filasha sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya. Abokai suna samun saƙo daga Facebook ɗinka wanda ba kai ka aika ba. Fanka na gudu kwamfuta na zaune, amma da ka buɗe Task Manager sai ta lafa, wannan halin manhajar haƙar kuɗin kirifto ne, tana ɓuya in ta ga ana kallonta.

Saurin ƙarewar data shi kaɗai ba hujja ba ne, Windows Update ma yana shan gigabait da yawa. Kunna Metered connection a saitin Wi-Fi ka gani ko ya ragu.

Wadda ta fi haɗari ita ce ba ta da alama ko ɗaya. Manhajojin satar bayanai, irin su RedLine, Vidar da Lumma, cikin 'yan daƙiƙoƙi suke kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza su aika, wasu ma su goge kansu. Mai kwamfuta ba ya sani sai ranar da asusunsa ya ƙi buɗuwa.

Yaya ake cire bairos yadda ya kamata?

Jerin aikin yana da muhimmanci, wanda ya tsallake mataki shi ne ake sake kira bayan mako ɗaya.

Farko a raba kwamfutar da intanet, a zare duk filasha da faifan waje. Sannan a kwafi fayilolin mai ita zuwa wani faifai: Desktop, Documents, Pictures, Downloads, da abubuwan da ake mantawa, kamar fayil ɗin manhajar lissafin shago da akwatin wasiƙun Outlook. Ba a kwafar fayil mai ƙarewa da exe, scr, vbs, bat ko lnk. Mafi tsafta shi ne a tayar da kwamfutar daga filasha mai ɗauke da Linux a yi kwafin daga can, domin a lokacin bairos ɗin Windows ba ya motsi.

Daga nan a shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da muhimman sassansa kaɗai. Ana riƙe Shift a danna Restart, a bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan a danna 4. A buɗe Autoruns, ƙaramar manhaja ce kyauta daga Sysinternals na Microsoft, tana nuna duk abin da yake tashi tare da Windows. Wuraren da aka fi samun ɓarna su ne Logon, Scheduled Tasks, Services da WMI. Abin nema shi ne fayil mai suna marar ma'ana da ke zaune a AppData, Temp ko ProgramData, ba shi da sa hannun wani kamfani, ko wani aiki da ke kiran wscript ko PowerShell da dogon rubutu a cakuɗe duk bayan 'yan mintoci. A fara cire masa alamar kaska, a sake kunna kwamfuta, in komai na aiki sannan a goge shi. Gaggawar gogewa a nan kan tafi da direban sauti ko na madannai. Fayil ɗin da aka yi shakkarsa a gwada shi a shafin VirusTotal, amma kada a ɗora takardun mai kwamfuta a can, don abin da aka ɗora wasu na iya ganinsa.

Sai jerin manhajojin da aka girka. A tsara su bisa kwanan wata, a dubi abin da ya shigo ranar da matsalar ta fara. Yawanci za ka ga uku ko huɗu da suka zo tare a minti ɗaya.

Yanzu ne lokacin bincike. A fara da Microsoft Defender Offline, wanda yake sake kunna kwamfutar ya yi aikinsa kafin Windows ya tashi, kimanin minti 15. A bi shi da Malwarebytes, sannan AdwCleaner don masu cusa talla. Akwai wurin da da yawa ba sa leƙawa, wato Exclusions a cikin Windows Security. Bairos kan saka foldarsa a nan, wani lokaci ma faifan C gaba ɗaya, sai Defender ya yi bincike ya ce komai lafiya alhali an hana shi duba wurin. Duk abin da ba mai kwamfutar ya sa ba a cire shi, a maimaita binciken.

Burauza aikinta daban ne. A cire ƙarin manhajojin da ba a sani ba, a share jerin shafukan da aka bai wa izinin turo sanarwa, a duba ko Chrome yana cewa wata ƙungiya ce ke sarrafa shi alhali kwamfutar gida ce. In asusun Google yana haɗe, a tsaftace can ma, in ba haka ba abin da aka cire zai sake saukowa. A duba saitin Proxy, da fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc, da lambobin DNS na rauta. Rautar da har yanzu kalmar sirrinta admin ce a canja mata.

Ƙarshe a gyara abin da aka lalata. A Command Prompt mai ikon shugaba a rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama a rubuta sfc /scannow. A goge tsofaffin wuraren komawa na System Restore, don bairos na iya kwana a ciki. A sauke duk sabuntawa, a sake kunna kwamfuta sau biyu, a koma Autoruns. In abin da aka cire ya dawo, akwai uwarsa da ba a gano ba, kuma lokacin tunanin sake ɗora Windows ya yi.

Na dawo daga shagon buga takardu, foldodin filashata duk sun koma gajerun hanyoyi. Sun tafi ke nan?

Suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna ko ɗaya daga cikin masu kibiyar, kowace tana tayar da bairos ɗin kafin ta buɗe foldar. A kwamfuta mai tsafta, duba harafin filashar, a ce E ne, ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter. Fayilolin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Kwafe su, ka yi wa filashar fomatin. In ka riga ka danna a kwamfutarka, ita ma ta kamu, kuma duk filashar da ka sa za ta koma haka har sai an tsaftace ta. Gaba, mayar da takardar PDF ka tura wa mai shagon ta imel ko WhatsApp, filasharka ta zauna a gida.

Ba gara a yi mata fomatin kawai a huta ba?

Akwai inda shi ne daidai: in an samu manhajar satar bayanai, ko wani ya shiga kwamfutar daga nesa, ko bairos ɗin irin su Sality, Virut da Ramnit ne masu shiga cikin kowace manhaja su manne, ko kuma Windows ɗin da kansa na jabu ne da wani ya yi wa gyare-gyare. A nan tsaftacewa ba ta ba da tabbaci.

Abin da muke ƙi shi ne fomatin na ragwanci, wanda ake yi kafin a tambayi mai kwamfuta me yake da shi a ciki. Takardun digiri na shekara huɗu da hotunan iyayen da suka rasu sun sha tafiya ta wannan hanya. Kuma fomatin ɗin ma sai an iya shi. A haɗa filashar ɗorawa mai aƙalla gigabait 8 da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, a kan kwamfuta mai tsafta. Direbobi a ɗauko su daga shafin HP, Dell ko Lenovo. Lasisin da ya zo da injin yana maƙale da bod, zai dawo da kansa in an hau intanet. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a goge faifan C, a bar fasassun manhajoji, wato na kuɗi da aka karya wa lasisi, a faifan D, a sake girka su a yammacin ranar. Tun kafin mai gyara ya isa bakin titi kwamfutar ta sake kamuwa.

Fayilolina sun ƙi buɗuwa, an ƙara musu wasu haruffa, kuma ana neman kuɗi. Me zan yi?

Manhajar neman kuɗin fansa ce. Raba kwamfutar da intanet, zare duk faifan da ke jone, kada ka canja sunan fayil ko ɗaya, kada ka yi fomatin. Wadda ta fi kama kwamfutocin gida ita ce STOP/Djvu, tana yawo tun wajajen 2018 a cikin fasassun manhajoji da wasanni. Tana ƙara wa fayil haruffa huɗu, ta bar takarda mai suna _readme.txt, kuma an daɗe ana ganinta tana neman dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72.

Cire bairos ɗin ba ya buɗe fayilolin, wannan a sani tun farko. A ɗora takardar fansar da fayil ɗaya marar sirri a shafin ID Ransomware don a san irinta. Sai a duba No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da Europol da kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, yana ba da mabuɗai kyauta. Kamfanin Emsisoft ya fitar da mabuɗin STOP/Djvu a 2019, amma ga sababbin nau'o'inta yana aiki ne kawai in bairos ɗin bai samu ya gana da uwar garkensa ba lokacin da yake kullewa. In ya gana, mabuɗin yana hannun ɓarayin. Duk da haka a ajiye kwafin fayilolin a wani faifai, domin mabuɗan wasu nau'o'in sun fito bayan shekaru. A kuma bincika imel, WhatsApp, Google Drive da tsofaffin filasha, ana yawan tsintar rabin kayan a can.

Ba ma ba da shawarar biya. Babu tabbacin za a ba ka mabuɗin, kuma wanda ya ce maka ya iya buɗe kowane iri in ka ba shi kuɗi, ko dai ɗan damfara ne ko dillalin ɓarayin.

Wani saƙo ya cika allo da ƙara, ya ce in kira lambar Microsoft. In kira?

Kada ka kira. Microsoft ba ya sa lambar waya a saƙon kuskure. Shafin intanet ne kawai ya cika allon. Riƙe Esc na 'yan daƙiƙoƙi, ko ka rufe burauzar daga Task Manager, in ta sake buɗewa kada ka yarda ta dawo da shafukan baya. Akwai wata dabarar da ta bazu tun 2024: shafi ya ce don ka tabbatar kai mutum ne, danna maɓallin Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Wanda ya bi wannan ya girka wa kansa bairos da hannunsa.

In ka riga ka kira har ka ba su damar shiga kwamfutarka daga nesa ta AnyDesk ko TeamViewer, kashe intanet nan take, kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka a rufe katin da manhajar banki, sannan a sake ɗora Windows. In kuɗi sun fita, kai ƙorafi a rubuce ga bankin a ranar, da kuma 'yan sanda ko EFCC.

An cire bairos ɗin. Sai na canja kalmomin sirri?

Dole, kuma daga wata na'ura mai tsafta, ba daga wadda ta kamu ba. Fara da imel, domin ta nan ake sake saita sauran. Canjin shi kaɗai bai wadatar ba, ɓarayin kan saci shaidar cewa ka riga ka shiga, wadda burauza ke adanawa, su yi amfani da ita ba tare da kalmar sirri ba. Saboda haka a kowane asusu ka zaɓi fita daga dukkan na'urori. A Gmail duba ko an sa a riƙa tura wasiƙunka wani adireshi, ko an canja lambar dawo da asusu. A WhatsApp duba Linked devices. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu ko'ina. In akwai hoton katin banki, BVN ko NIN a kwamfutar, ɗauka cewa an gani, ka sa ido a kan asusunka da kiran baƙin lambobi masu cewa daga banki suke.

Wace manhajar kariya ta fi?

Ga mai amfanin gida, Microsoft Defender da ke cikin Windows ya isa, muddin yana samun sabuntawa. Kada a haɗa manyan masu gadi biyu, rikici suke yi su nauyaya injin. Ta gwaji da wa'adinta ya ƙare a cire ta gaba ɗaya. Smadav, da aka saba gani a kwamfutocinmu, ƙari ce don filasha, ba ta maye gurbin babba. Fasasshiyar manhajar kariya kuwa ita kanta ƙofar shigowa ce.

Windows da Office ɗina fasassu ne, kuma na kashe sabuntawa don data. Akwai matsala?

Babba ma. Duk manhajar da ta ce sai ka kashe mai gadi kafin ka girka ta, ka san abin da take nufi. In kuɗin Office ne matsalar, LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe takardun Word da Excel. Game da sabuntawa, WannaCry da ta ɓarke ranar 12 ga Mayu 2017 ta shiga ƙasashe kusan 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin ramin da ta bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka kamu.

Tallafin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairu 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai shirin ƙarin sabuntawar tsaro mai suna ESU da ya ƙara wa masu amfanin gida shekara ɗaya. Windows 11 yana neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD. Laftof na hannu da yawa a kasuwanninmu ba su kai nan ba, don haka a duba kafin a saya. Wadda ba ta kai ba, in aikinta burauza da rubutu ne, Linux Mint zai riƙe ta lafiya.

Tana zafi tana mutuwa da kanta.

Ƙurar hunturu ce ta taru, zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta, lokacin da Kano ke haura digiri 40. Duba da HWMonitor. Furosesa a zaune takan tsaya tsakanin 40 da 55, in ta doshi 95 zuwa 100 sai ta rage gudu, daga nan ta kashe kanta. Hura iska daga waje ba ya isa, ƙurar tana dunƙulewa ne tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya, sai an buɗe. A cire wayar batir tukuna, a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi gudun da zai lalata ta, a goge tsohon man sanyaya da barasar aisofurofil, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa, a ɗaure ƙusoshin bisa lambobin da ke jikinsu. Man goge baki ba ya maye gurbinsa, bushewa yake cikin kwanaki. A yi wannan shara aƙalla sau ɗaya a shekara, a ƙarshen hunturu, kuma a daina ɗora laftof a kan katifa.

Kowace caja da ta shiga ramin za ta yi?

A'a. Karanta rubutun da ke ƙarƙashin laftof. Bolt ya zo daidai, amfiya ta kai ko ta fi. Cajar HP mai wat 65 takan ba da bolt 19.5 da amfiya 3.33, ta Dell 19.5 da 3.34, ta Lenovo 20 da 3.25. A cajar Dell, siririn tsinken tsakiya ne yake gaya wa injin ƙarfin cajar. In ya karye ko cajar jabu ce, laftof za ta kunnu amma batir ba zai hau ba, ta kuma rage gudu. Kibiyar linzami da ke tsalle-tsalle a allo in an jona caji alamar caja marar kyau ce ko soket marar wayar ƙasa.

In za a tayar da janareta ko a juya layi, zare caja, ka bari wutar ta daidaita minti ɗaya. Kwamfutar tebur tana buƙatar UPS, akwatin batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke. Mai 650VA yana ba da 'yan mintocin adana aiki ne kawai, batirinsa na bolt 12 kuma zafi na rage masa kwana. Don sanin lafiyar batirin laftof rubuta powercfg /batteryreport ka kwatanta ƙarfinsa na asali da na yanzu. Wanda ya kumbura har ya ɗago madannai a cire shi a ranar, kada a huda shi. In kwanan wata na komawa baya kullum, shafuka na cewa haɗin ba amintacce ba ne, ƙaramin batirin bod ne ya mutu, yawanci CR2032 mai bolt 3.

Shayi ya zube a kan madannai.

Riƙe maɓallin kunnawa har ta mutu, zare caja, kifa ta a buɗe a kan tawul. Kada ka gwada kunnawa, kada ka binne ta a shinkafa. Sukari da madara suna cin bod ko bayan sun bushe, sai an buɗe an cire batir an wanke a ranar ko washegari.

Na goge fayil bisa kuskure, ko faifan yana ƙara ƙas-ƙas. Za a iya dawo da kayan?

In gogewa ce, daina amfani da kwamfutar nan take, kada ka girka manhajar ceto a kan faifan da abin ya ɓata. A tsohon faifai mai juyawa Recuva ko PhotoRec kan yi nasara. A SSD damar kaɗan ce, domin yana share gurbin abin da aka goge da kansa ba da jimawa ba. Faifan da ke ƙara kuwa tsinken da ke karanta shi ne ya samu matsala, kowace kunnawa tana ƙara karce shi. Wannan ya wuce aikin gida, kuma kada a bari kowa ya buɗe murfinsa a ɗaki.

Yaya zan kare sirrina da kayana daga mai gyaran kansa?

Tambaya ce da ta dace, kuma mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushinta. Aiki a gabanka ake yi. Ba ya buƙatar kalmar sirrin imel ko ta banki, ba ya buƙatar buɗe hotuna. In dole a tafi da injin, rubuta lambar da ke ƙarƙashinsa, girman RAM da na faifai, ku sa hannu ku biyu. Duk abin da aka canja a dawo maka da tsohon, musamman faifai, don bayananka na ciki. Shiga kwamfutar mutum ba da izini ba laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Haka nan kada ka nemi mai gyara ya saka maka manhajar leƙen asiri a na'urar matarka ko ta abokin kasuwancinka. Addini ya hana, doka ta hana, kuma wanda ya yarda ya yi maka zai iya yi a kanka.

Kuɗi kuma kashi uku ne: na zuwa da dubawa, na aiki, na kaya. A yi magana a kan kowanne kafin a fara. Farashin kaya yana bin dala, don haka ka tambaya a titin Beirut ko Farm Centre in kana Kano, ko Banex in kana Abuja, ka kwatanta.

Me zan duba kafin ya tafi?

Buɗe takardu biyar da hotuna biyar daga foldodi daban-daban ka ga suna buɗuwa. Gwada sauti, kyamara, Wi-Fi, firinta da kowane ramin USB. Windows Security ya nuna kore, Exclusions babu komai, Activation ya nuna lasisi na aiki. Ka tabbatar an cire duk manhajar shiga daga nesa da aka yi aiki da ita. Ya rubuta maka sunan abin da ya samu da abin da ya canja, da kwanakin da zai dawo kyauta in matsalar ta sake tasowa. Yara a buɗe musu asusun da ba shi da ikon girka manhaja.

Sannan ku yi ajiyar farko tare kafin ya tashi: kwafi ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet, inda Google Drive ke ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive kuma 5. Faifan wajen a zare shi da an gama a sa a durowa, domin manhajar fansa tana kulle duk abin da ta tarar a jone.